Motar da Ba Ta Je Thamesmead Ba

Mun sauka London a shekarun da kuɗin man fetur suka fara yi wa mutanenmu yawa a aljihu. Maigidana manjo ne a soja, aka turo shi ya kula da sojojinmu da ake kawowa Ingila kwas. Gwamnati ta sayi motocin yaƙi sababbi fil da wasu na'urori da ni ban taɓa riƙe sunansu ba, kuma dole a koya wa yaranmu tuƙa su da gyara su. To shi ne uban waɗannan yara a can. Wanda ya kwanta ciwo, shi za a kira. Wanda ya ɓata a jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi. Wanda ya dafa miyar daddawa har maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gida, shi zai je ya ba da haƙuri.

Ni ba a ba ni muƙami ba, amma na fi duk ma'aikatan ofishin aiki. Gidan da aka kama mana yana Bloomsbury, a saman wani tsohon bene, kusa da makarantun da ɗalibanmu ke karatu, kuma na rantse hancin ɗalibi yana jin ƙanshin miyar kuka daga nisan titi guda. Ga baƙi daga gida, kullum sai ka ga wani ya sauka da akwatuna fanko ya koma da su suna neman fashewa. Wannan matar ta zo sayen labule, wancan alhajin ya zo a duba masa haƙori, duk kuma a falona za su yi masauki su miƙe ƙafa suna kushe sanyin garin kamar ni na kawo shi. Ina mita, ina dafawa, maigida yana dariya yana cewa bakina ne kawai ke faɗa, hannuna bai san rowa ba.

A cikin duk masu zuwa, mutum ɗaya ne idan aka ce zai sauka nake share gida har bayan kujeru. Wani kanal ne, ubangidan maigidana. Shi ya gano shi tun yana ɗan makaranta maraya ya sa shi aikin soja, a ƙarƙashinsa ya yi yaƙin basasa, kuma shi ya yi masa waliyyi ranar ɗaurin aurenmu. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini 'yata. Maigidana, da duk girman da ke kafaɗarsa, bai taɓa zama a kujera Baba yana ɗakin ba. Kowa a soja ya san duk matakin da ya taka da hannun Baba a bayansa, kuma kowa ya san ƙarin girman da yake jira yana kan teburin Baba. Mutum ne mai kyauta da son raha, amma ba a ce masa a'a, kuma ni ban taɓa ganin wanda ya gwada ba.

Akwai wata ɗabi'a da maigidana ya ɗauka a London wadda ta riƙa ba ni haushi. Ranar da ba shi da aiki, maimakon ya kai ni kasuwa kamar mazan mutane, sai ya tafi majalisar dokokin Ingila ya hau sama inda 'yan kallo ke zama yana sauraro. Wata rana ya ja ni. Na tarar da wasu dattawa a kan dogayen kujeru, wasu na ihu, wasu na gyangyaɗi, ɗaya yana ta karanta takarda ba mai kula shi. Maigida ya sunkuyo ya raɗa mini cewa a ƙasar nan dokar da aikin soja ya tsaya a kanta sai an riƙa kawo ta gaban waɗannan mutane suna sabunta ta, kuma in suka ƙi, babu hafsan da ke da ikon hukunta ko da kurtu.

Na ce, "To wa ke riƙe da bindiga?"

Ya ce, "Soja."

Na ce, "Kuma wancan tsohon da bakinsa ke buɗe shi ne zai ba mai bindiga izini?"

Ya ce, "Shi ne kuwa."

Na yi dariya har wani ɗan doka ya waiwayo. A lokacin sojoji ke mulki a gida, doka kuwa da safe ake jin ta a rediyo an riga an gama ta. Maigida bai yi dariya ba. Ya ce mu ma haka aka koya mana a makarantar hafsoshi, sai dai mun ajiye darasin a akwati. Ni kuwa ɗumin wurin ya riga ya kama ni, na bi sahun dattawan na yi barcina.

Cikin yaran da ke kwas a shekarar akwai wani kofur, makanike, mutumin Filato, Kirista, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi ya gyara mini keken ɗinki da wani Bature ya ce sai dai in jefar. Ba shi da yawan magana, in ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake tsugunawa. Ya yi yaƙin tun farkonsa har ƙarshensa, amma ban taɓa jin ya ba da labarinsa ba. Wata rana aka kai su filin makarantarsu gwajin manyan bindigogin da ke kan sababbin motocin. Da aka fara harbi sai ya ajiye kayan aikinsa, ya bi ta ƙofar makarantar ya fita, kuma bai dawo ba. A harshen soja wannan gudu ne, hukuncinsa kuwa ba wasa ba ne.

Yana da yaya mace, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, muna ce mata Sista. Ita ke yi mini kitso. Tana zaune a Thamesmead, wata sabuwar unguwa can gefen gari da aka zuba da kankare tun daga ƙasa har sama, sai ka hau jirgi ka sauka ka hau bas, kana tafiya kana tunanin ko an wuce Ingila. Kwanaki kaɗan bayan ɓatan kofur na je kitso kamar yadda na saba. Ta daɗe ba ta buɗe ƙofa ba. Da ta buɗe na shiga, sai ga shi zaune a ƙasa a lungun kujera, riƙe da kofin shayi da hannu biyu, shayin yana zuba a wandonsa saboda rawar da hannun ke yi. Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya gaishe ni, ya kasa.

Sista ta kama hannuna ta ce, "Yaya, don Allah ki rufa mana asiri. Tun da ya zo flat ɗin nan bai yi barcin kirki ba. Maƙwabta na yin banging ƙofa sai ya shige ƙarƙashin tebur. Ni nurse ce, na san abin nan, ciwo ne, ba iskanci ba ne."

Na ce mata ni ba na ɓoye wa mijina abu, kuma ba zan fara yau ba, amma zan gaya masa abin da idona ya gani ba ragi. Ranar ba a yi kitso ba. Na dawo a bas kaina a tsefe cikin ɗankwali, zuciyata a jagule.

Maigida ya saurare ni har na gama. Ya ce ya riga ya yi zargin can yake, kuma akwai hanyar da aka shimfiɗa tsakanin ƙasashen biyu in irin haka ta faru. Shi zai sanar da hukumar makarantar, su su sanar da 'yan sandansu, 'yan sanda su kai yaron gaban alƙalinsu, likita ya duba shi, sannan a miƙa mana shi hannu da hannu. Na ce wannan ai sai gashin kaina ya yi furfura. Ya ce ko da zai yi, hanyar ke nan, kuma ya riga ya fara bin ta.

Ana cikin haka Baba ya sauka. Ya zo sa hannu a kan wata sayayya ta gwamnati, ya kuma ga likitansa. Muka gayyace shi cin abincin rana ranar Asabar. Na tashi tun da safe na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar kuka da naman rago daga wurin mahaucin nan ɗan Pakistan, na fito da man shanun da nake ɓoye wa ɗalibai a bayan kwano. Da ya shigo na ga fuskarsa ba yadda na saba ba. Ya amsa gaisuwata a gajarce, ya zauna, bai ko tambayi yara ba. Ashe a wata liyafa da aka yi musu daren jiya wani hafsan Ingila ya yi masa ba'a a gaban mutane, wai ɗaya daga cikin yaranku ya fita shan iska bai dawo ba. Aka yi dariya, Baba ya haɗiye, ya kwana da abin.

Ina jera kwanuka a kan ledar cin abinci na ji ya ce wa maigida, "Na san inda yake. Na sa direba ya ɗebo yara a motar ofis, suna ƙasa suna jiranka. Ka je da su yanzu ka ɗauko shi. A ajiye shi a gidan da kuka kama wa sojoji, a sa masa gadi. Jirginmu na kaya zai tashi Litinin da spare parts, a jefa shi ciki. Ba na son wani Bature ya ji."

Na leƙa ta taga. Farar motar tana nan a bakin titi, kawunan sojoji a ciki.

Maigida yana zaune a kan kafet, ya naɗe ƙafa, kansa a sunkuye. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na riga na yi reporting ga makarantar. 'Yan sandansu za su je ranar Litinin, zan bi su."

Baba ya ce, "Ban tambaye ka abin da ka yi ba. Na gaya maka abin da za ka yi."

Sai na ji muryar mijina, a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

Kwanon miya na hannuna, na ajiye shi da sauri kafin ya kuɓuce. Da na bi ta ladabi da na koma kicin, amma ƙafata ta ƙi, na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni.

Baba ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce, "Sojan wa ne?"

"Namu ne."

"Albashin wa yake ci? Kuɗin wa aka biya aka kawo shi?"

"Namu, ranka ya daɗe. Kuma ya yi laifi, kuma zai koma gida ya amsa. Amma ƙasar nan ba tamu ba ce. Mu baƙi ne a cikinta. Ƙawayenmu ne, sun buɗe mana makarantunsu, sun yarda mun shigo da kakinmu bisa sharaɗin za mu bi dokarsu. Ikon da ke kafaɗata bai tsallako iyakarmu ba. Ko sojan ƙasar nan ba shi da ikon shiga gidan mutum ya fizgo shi sai in dokar da majalisarsu ta yi ta ba shi, balle ni."

Baba ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Dokarsu. Su da suka zo ƙasarmu wa suka yi wa sallama? Da igwa suka rushe ganuwar kakanninka. Yau su ne ke layi a ƙofar ofishina suna roƙon kwangila. Mu ke da mai, mu ke da kuɗi, ko sun ji ba abin da za su yi. Kai kuma ka zauna kana karanta mini dokarsu."

Gaskiya maganar ta shige ni, don ni ma na sha tsayawa a kanti ana yi mini kallon banza alhali jakata ta fi ta mai kallon nauyi. Da a ce ba yaron nan na gani a lungun kujera ba, da wataƙila na ce Baba ya yi daidai.

Maigida ya ce, "Haka suka yi, ranka ya daɗe, shi ya sa har yau ba mu manta musu ba. In yau wani sajen Ingila ya cika mota da yaransa ya shiga wata unguwa a Kaduna ya fizgo mutum daga ɗakin yayarsa ya jefa a jirgi, kai ne farkon wanda zai sa a tare hanyar filin jirgin. Kuma ka tuna a yaƙi, ranar da muka biyo mutane har bakin kogin iyaka, muna ganinsu a tsallake, yara suna roƙonka. Kai ka ce ba mai sa ƙafa a ruwan, can ƙasar maƙwabtanmu ce kuma suna tare da mu. Har ka mari wani saje. A wurinka na koya."

Baba ya ce, "Wannan daban."

"Ni ban ga bambancin ba, ranka ya daɗe."

Nan fa Baba ya cika ya batse. Ya daina maganar soja ya koma wadda ta fi zafi. Ya ce, "Ni na ɗauko ka ba ka da takalmi. Ni na yi ka."

Maigida ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kai ka yi ni, Baba. Ka ce in tuɓe kakin nan yau in tuɓe. Amma ba zan kai yara gidan nan ba."

Sai Baba ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, ki yi wa mijinki magana. Ba ya ganin abin da yake shirin zubarwa."

Na gan shi sarai, abin da ake shirin zubarwa. Na ga ƙarin girman, na ga gidan gwamnati mai lambu da na riga na zaɓa a raina, na ga matan abokansa da za su wuce ni a mota. Amma bakina bai taɓa iya jiran shawara ba. Na durƙusa na ce, "Baba, na ga yaron da idona. Kofin shayi ba ya iya riƙewa. In aka aika masa sojoji su buga ƙofa, gawarsa za a sa a jirgin, ko ya faɗo ta taga daga saman bene. Ka yi haƙuri, Baba, ga abinci zai huce."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya miƙe ya ce to shi zai sauka ya ba su umarnin da kansa. Kafin ya lalubi sandarsa maigida ya riga ya zura silifas ya bi matakala.

Na koma taga. Ina ganinsa ya fito titi cikin farar kaftani da hula, ko rigar sanyi babu. Sojojin suka diro daga mota suka ƙame a gefen hanya, har wata tsohuwar Baturiya da ke jan kare ta tsaya tana kallo. Ban ji abin da ya ce musu ba, daga baya direban ya gaya mini. Ya ce musu a ƙasar nan shi aka naɗa a kansu, kuma muddin shi ne, ba sojan da zai taɓa ƙofar kowa. Ya miƙa hannu, direba ya ɗan yi jim, ya ɗaga kai ya dubi tagarmu, sannan ya saka masa makullin a tafin hannu. Ya ce kowa ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya koma masaukinsa. Suka sara masa suka juya, kuma na lura ba wanda ya tafi da nauyin ƙafa, don kofur ɗin abokinsu ne.

A tsaye a tagar nan tsoro ya kama ni, amma alfahari ya fi tsoron yawa. Na auri mutumin nan ina ganin shiru-shirunsa ya yi yawa, ina yi masa tsiya cewa ko kaza ba ya iya kora. Ranar na ji daɗin cewa ni ce matarsa, kuma ban damu da wanda ya sani ba.

Baba bai sauka ba. Ya tsaya a tsakiyar falo yana jin ƙarar takalman suna nisa. Da maigida ya hawo ya durƙusa a gabansa, sai Baba ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa. Maigida ya karɓi jakar, shi kuma ya sakar masa ba tare da ya dube shi ba. Ya sauka da ita, ya tare masa tasi, ya buɗe masa ƙofa, ya ƙame ya sara masa. Tasin ta tafi. Tuwon nan ko taɓa shi ba a yi ba, sai da yamma ɗalibai suka zo suka share shi tas suna yaba man shanu, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Ranar Litinin na ce sai na bi shi, bai hana ni ba. Ya sa kwat irin ta farar hula, muka hau jirgi muka hau bas. A ƙasan benen muka tarar da ɗan sanda guda yana jiranmu, wani dogo mai jan kunne, ba bindiga, ba komai sai ɗan littafi a aljihu. Muka hau tare. A bakin ƙofar Sista maigida ya ce wa ɗan sandan ya ɗan dakata. Ya ƙwanƙwasa a hankali da ɗan yatsa, ya yi sallama, ya ja da baya ya tsaya. Shiru. Ya sake yi. Ɗan sandan ya dube ni, na yi masa alama ya yi haƙuri, haka muke yi. Sai can muka ji muryar Sista ta amsa, ta buɗe, ta ce mu shigo. Sai da ta faɗa sannan ya tsallaka dokin ƙofar, ɗan sandan ma ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Maigida ya zauna a ƙasa kusa da kofur. Ya ce masa, "Ka san ka yi laifi." Kofur ya ce ya sani. Maigida ya ce, "Ba wanda zai ja ka. Wannan mutumin zai kai ka gaban alƙali, likita zai gan ka, ni kuma ina bayanka duk inda aka je. Tashi ka sa takalmi." Sista ta ɗaura masa igiyar takalmin, don hannunsa ya ƙi.

Abin ya ɗauki makonni, kamar yadda na yi tsammani, kuma na yi mitar da na saba. Na je kotun sau ɗaya. Wani ɗan ɗaki ne, alƙaliyar wata dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci, ta tambayi kofur ko ya gane abin da ake faɗa, ta tambayi maigida wace doka ce ta ba shi damar neman a miƙa masa mutumin, shi kuma ya miƙe ya faɗa mata. A ƙarshe aka miƙa shi tare da bayanin likita, aka sa shi a jirgin fasinja kamar kowa. A gida aka sallame shi daga aiki saboda rashin lafiya, ba a ɗaure shi ba. Ban sake ganinsa ba. Sista ta ce yana gyaran injin ban ruwa a ƙauyensu, wata rana lafiya, wata rana ba lafiya.

Mu kuwa kafin sanyin shekarar ya fita aka kira mu gida, wa'adinmu bai ko cika ba. Ba wanda ya ce don me. Aka tura maigida wani ɗan gari mai nisa ya kula da rumbun barguna da takalman soja. Abokan karatunsa suka yi ta hawa, wasu har suka riƙe jihohi, matansu suka wuce ni a motocin da na hango. Shi da manjo ya je London, da manjo ya yi ritaya. Na yi kuka, na yi faɗa, na zagi mutanen da ba su san ina yi ba, amma ko sau ɗaya ban ce masa da ka bi umarnin ba, don ban taɓa jin haka a raina ba.

Abin da ya fi ci masa rai ba muƙamin ba ne. Duk Sallah, ƙarama da babba, sai ya sa babbar riga ya yi tafiyar nan har gidan Baba. Ya yi sallama a zaure ya zauna. Yaran gidan su shiga su fito su ce Baba yana barci. Ya zauna har azahar ta yi, ya yi salla a masallacin ƙofar gida, ya bar gaisuwa ya dawo. In na ce masa ya isa haka, mutumin da ba ya son ganinka ka bar shi mana, sai ya ce shi abu ɗaya ya ƙi masa, bai ƙi shi ba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, gemunsa ya yi fari a kan hanyar nan.

Ranar da Baba ya rasu maigida ya tafi tun kafin a aiko. Da shi aka ɗauki makara, da shi aka zuba ƙasa. Ya dawo da la'asar, gwiwar wandonsa da hannayensa duk jar ƙasa, ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Ya ce, "Bai yafe mini ba."

Na ce, "Ba ka yi masa laifin da zai yafe ba."

Ya kalli hannayensa. Sannan ya ce in kawo masa ruwa ya wanke.